Kafin Ka Sake Sayen Data, Duba Abin da Rautarka Ke Nunawa

Gidaje da shaguna da yawa a Birnin Kebbi da Argungu yanzu suna da ɗan akwatin nan mai fitilu, rauta, wadda ake sa wa layin MTN ko Airtel ko Glo ta raba wa mutanen gida intanet. Masu shagon buga takardu na kusa da Kwalejin Waziri Umaru da ita suke cin abinci, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie kuma sukan haɗa kuɗi su zuba mata datar wata. Amma da zarar intanet ta tsaya, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Ba sabis." Sai wani ya sake sayen data, wani ya ɗauki na'urar ya hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyara, wani kuma ya yi ta kashewa yana kunnawa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lalube ya ƙara tsada. Alhali sau da yawa rautar tana nuna inda matsalar take, dubawa ce ba a yi.

Ka fara riƙe wannan: gaɓa uku ce tsakaninka da intanet. Daga wayarka zuwa rauta, wato Wi-Fi. Daga rauta zuwa ƙarfen sabis na unguwarku. Sannan daga ƙarfen zuwa kamfani da sauran duniya, a nan ne kuma ake duba ko layinka na da data. Alamar Wi-Fi da ta cika a saman wayarka gaɓar farko kaɗai take wa shaida. Kamar manomin fadama ne da tiyonsa ke haɗe da injin ban ruwa daram, amma rijiyar ba ta kawo ruwa. Don haka duk abin da za ka duba, tambayar ita ce: wace gaɓa ce ta yanke?

Fitilun gaban akwatin su ne amsar farko. Ta wuta ya kamata ta tsaya cak. Idan tana ɗaukewa tana dawowa, ko duk fitilun suna mutuwa su sake tashi da kansu, ka zargi cajar ko soket ko ƙarancin ƙarfin wuta kafin ka zargi kamfanin waya. Yawancin rautocin gida bolt 12 suke sha, adadin na rubuce a jikinsu, kuma ba kowace caja da bakinta ya shiga ba ce ta dace. Fitilar Wi-Fi idan tana ƙyaftawa ba laifi ba ne, aiki take yi. Fitilar netwok kuwa launinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: abin da shuɗi ke nufi a Huawei ba lallai shi yake nufi a ZTE ko ZLT ba, sai ka duba 'yar takardar da ta zo cikin kwali. Amma ja, kusan a ko'ina, na nufin rautar ba ta ga layi ba ko ta kasa shiga netwok. Ka kashe ta, ka zare sim ɗin, ka goge shi da busasshen ƙyalle, ka mayar. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana shi zama daidai.

Akwai wani ɗan rami a baya da aka rubuta wa Reset. Don Allah kar ka tsikare shi saboda intanet ta yi nauyi. Yana goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri da duk saitin da aka yi, kuma ba ya ƙara wa sabis ƙarfi ko kaɗan.

Cikakken bayani ba a fitilu yake ba, yana cikin shafin da rautar ke ɗauke da shi a cikinta. Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗinta, buɗe Chrome, ka rubuta adireshin da ke manne a ƙasan akwatin. A yawancin na Huawei 192.168.8.1 ne, a wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ba ya cin data, yana buɗewa ko layin babu ko sisi. In ya buɗe, ka tabbatar gaɓar farko lafiya take.

A shafin bayanin na'ura za ka ga lambobi da dama. Biyu daga ciki sun fi sandunan sabis amfani nesa ba kusa ba, domin sanduna huɗu ko biyar ba sa iya nuna bambanci ƙanana. Ta farko RSRP, ita ke auna ƙarfin sigina da ke iso maka daga ƙarfen sabis. Da alamar ragi take zuwa, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau: -85 ya fi -105. Daga -90 zuwa sama kana cikin daɗi, wajen -100 za a lallaɓa, in ta kai -110 ko ta wuce to kana bakin iyakar sabis. Ta biyu SINR, ita ke auna tsabtar siginar, wato yadda ta rinjayi hayaniyar wasu siginoni. A nan babbar lamba ake so: 20 zuwa sama madalla, 10 zuwa sama ana aiki, kusa da 0 ko ƙasa da haka bidiyo zai yi ta tsayawa ko da sanduna sun cika. A ganina SINR ce ta fi cancantar a sa mata ido, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Amfanin waɗannan lambobi shi ne su zaɓa maka wurin ajiye rauta. Mu nan mun saba ɗora ta kan firji ko bayan talabijin, a tsakiyar gida, ƙarƙashin rufin kwano, inda soket yake. Kwano da bango mai kauri suna cinye sigina. Ɗauki rautar da doguwar waya, ka kai ta tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, ka ɗaga ta sama, ka jira minti ɗaya, ka sake buɗe shafin. Gwada wata tagar. Wani lokaci taku uku kacal ke raba -108 da -95. Mai gida a Gesse ko Badariya, inda ƙarafuna suke kusa, zai iya samun RSRP mai kyau amma SINR ta lalace, saboda ƙarafuna da yawa na magana lokaci guda. A nan juya akwatin ko matsar da shi bayan wani bango yakan taimaka. Wanda ke ƙauyukan bakin fadama kuwa nisa ne matsalarsa, maganinsa tsawo ko eriyar waje, in rautar na da wurin ɗaura ta. Sai dai kar neman sigina ya sa ka bar ta a rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafin nan yakan haura digiri 40, daidai iyakar da ake rubuta wa yawancin waɗannan na'urori. Shafin na nuna tsawon lokacin da ta yi a haɗe. In ka ga kullum bai wuce 'yan mintuna ba alhali ba a ɗauke wuta ba, tana yankewa ne da kanta, kuma zafi ko caja ne abin fara tuhuma.

Kusa da RSRP da SINR za ka ga nau'in netwok, 4G ko 3G, wani lokaci har da lambar zangon da take kai. Ƙananan zanguna irin 700 da 800 sun fi nisan zuwa da ratsa bango, manya irin 1800 da 2600 sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Ka kuma duba sunan kamfanin da ta kama. Masu kai rauta ko MiFi wajen Kamba da sauran garuruwan iyaka su kula da wannan, domin na'ura na iya kama netwok ɗin Nijar, kuma datarka ta Najeriya ba ta aiki a kansa.

To, idan sigina na da kyau amma ba intanet fa? Duba ko an rubuta Connected, da kuma ko akwai lamba a gurbin WAN IP. In gurbin wayam ne, ko sifili ne jere, kamfani bai ba ka hanya ba. Nan sai ka shiga akwatin saƙonni na cikin shafin. Mutane da yawa ba su san layin rauta na karɓar saƙon tes ba. Duk gargaɗin ƙarewar data da na rufe layi can suke taruwa ba mai karantawa. Lokacin da wa'adin ƙarshe na haɗa layi da lambar NIN ya cika a 14 ga Satumba 2024, layin da ke cikin rauta shi ne mafi sauƙin mantawa, tun da ba a kira da shi. Tun 2023 lambobin tambaya iri ɗaya ne a duk kamfanoni: *323# na nuna ragowar data, *310# ragowar kuɗi, 300 kuma layin kula da masu hulɗa. In shafin rautarka ba shi da wurin danna su, sa sim ɗin a waya.

Wani lokaci komai na gidanka daidai yake, lambobi masu kyau, data na nan, amma tafiya ta ƙi. In da daddare ne kawai, bayan isha'i, cunkoso ne: jama'ar unguwa duk suna kan ƙarfe ɗaya. Haka ake gani a Argungu lokacin bikin kamun kifi, sa'ad da dubban baƙi suka cika Matan Fada da wayoyinsu. Sabuwar rauta ba ta maganin wannan, sai dai layin wani kamfani, in taka ba a kulle take kan kamfani ɗaya ba. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin gari gaba ɗaya. A 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga matsala a Najeriya. A ranar rautoci sun nuna sanduna cike, kuma ba abin da mai gyara zai iya yi. Kafin ka taɓa komai, tambayi maƙwabcin da kuke kamfani ɗaya.

Sai batun da ya fi taɓa aljihu: jerin na'urorin da ke haɗe. Ƙirga wayoyi da kwamfutoci da talabijin na gidanka, ka gwada da abin da shafin ya nuna. In kun kasance shida ka ga tara, kalmar sirrinka ta fita waje. Ba lallai sata ba ce. Yaro ya ba abokinsa, abokin ya ba wani, kuma wayoyin yanzu suna raba ta ta hanyar hoton lamba cikin daƙiƙa. Kana iya toshe baƙuwar na'ura, amma wayoyin zamani sukan sauya lambar shaidarsu su dawo, don haka sauya kalmar sirrin ya fi tabbas. Ka sauya ta shiga shafin ma. Muddin tana nan a admin kamar yadda ta zo, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinka zai iya shiga ya juya saitin. Ma'aunin data na cikin shafin kuma ka mayar da shi sifili ranar da ka sayi sabuwa. Ba zai yi daidai da lissafin kamfani ɗari bisa ɗari ba, amma zai nuna maka ko gidanka ne ke sha da yawa, ko akwai abin da za ka bi kadi.

Yau, tun intanet na tafiya lafiya, buɗe shafin ka ɗauki hotonsa, RSRP da SINR da nau'in netwok da yawan na'urori. Ranar da ta tsaya ka ɗauki wani, ka gwada su. In laifin na kamfani ne, kira 300, ka karanta musu lambobin, ka karɓi lambar ƙorafinka ka ajiye. In ba su gyara ba, kira hukumar NCC a 622 da wannan lambar a hannunka. Kiran kyauta ne.