Darasin Kasuwanci: Ajiyar Ko-ta-kwana Ga Bayanan Da Ke Cikin Kwamfuta

MINNA — A yankin ƙaramar hukumar Chanchaga, wato cikin garin Minna, daga Kasuwar Kure zuwa Tunga da Kpakungu, 'yan kasuwa da yawa sun ajiye babban littafin nan na lissafi mai jan bango sun rungumi na'ura mai ƙwaƙwalwa. Masu kantunan magani, da dillalan siminti, da masu makarantun kuɗi, da masu shagunan buga takardu da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya ke kai wa aiki, duk a cikin kwamfuta suke tara sunayen masu bashi, da yawan haja, da albashin ma'aikata. Wannan ci gaba ne babu shakka. Sai dai littafin takarda a hankali yake lalacewa, shafi bayan shafi, mai shi na gani, alhali faifan cikin kwamfuta yana iya mutuwa a dare ɗaya ba tare da sallama ba.

Ta fuskar tattalin arziki, abin da ke cikin na'urar ya fi ita kanta daraja nesa ba kusa ba. Idan kwamfuta ta ƙone akan sayi wata a kasuwa, amma babu kasuwar da ake sayar da jerin mutanen da ɗan kasuwa ke bi bashi. Bashin da babu shaidarsa kuwa ya koma hannun imanin wanda ya ci shi, kuma ba kowa ne ke tuna abin da ake bin sa ba idan ya ji labari cewa lissafi ya salwanta. Har ila yau, Dokar Kamfanoni ta shekarar 2020 ta wajabta wa kowane kamfani mai rajista ya adana takardun lissafinsa har tsawon shekara 6, kuma jami'in haraji ba zai karɓi mutuwar na'ura a matsayin uzuri ba.

Hanyoyin asarar sanannu ne. Duk da cewa Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ɗaukewar wutar lantarki da dawowarta da ƙarfi abu ne da kowane mai shago ya saba da shi, kuma yana iya lalata faifai, musamman idan na'ura na tsakiyar rubuta bayani. Ga tsawar damina, ga ƙurar hunturu, ga ɓarayi. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, da ambaliyar Mokwa a watan Mayu na 2025, sun nuna cewa masifa kan haɗa da shagon da duk abin da ke cikinsa. Amma mafi yawan lokuta ba a kai ga nan: yaron shago ne zai goge fayil bisa kuskure, ko ya cusa filashin wani abokin ciniki mai ɗauke da ƙwayar cuta.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazarinsa shi ne na Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Danmak wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena a Apapa. A ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ta taso daga Yukren ta mamaye kwamfutocinsa a faɗin duniya. Kamfanin na da manyan na'urori kimanin 150 masu riƙe da rajistar izinin shiga tsarinsa, kowacce na kwafar 'yar'uwarta a kai a kai, don haka aka ɗauka babu abin tsoro. Ashe wannan haɗin shi ne rauninsu, domin cutar ta bi ta kansa ta shafe su a lokaci guda. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya ce tak ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Gana, ita ma don an ɗauke wuta ne a can kafin harin, ta yanke daga sauran. Ta Nijeriya aka bi da faifanta zuwa Ingila. Duk da haka sai da aka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000, kuma an ƙiyasta asarar a kan dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin lura a nan shi ne, kwafin da ke jone da na'ura dare da rana ba ajiya ba ne, inuwa ce kawai. Abin da ya sami asali zai same shi. Saboda haka masana ke ba da shawarar ƙa'idar nan ta 3-2-1: kwafi 3 na kowane muhimmin bayani, a kan ma'adanai iri 2, sa'annan 1 daga ciki ya kwana nesa da shago. Ga mai kanti a Minna, ma'anar wannan ita ce na cikin kwamfuta, da na faifan waje wanda ake zarewa a tafi da shi gida bayan an tashi, da kuma na ma'ajin intanet irin su Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, abin da ya ishi lissafin ƙaramin kanti na shekaru. Ma'ajin intanet shi kaɗai bai wadatar ba. A ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hatta wasu bankunan ƙasar nan sun sha wahalar biyan buƙatun abokan hulɗarsu.

Game da sau nawa za a riƙa yin kwafi, tambaya ɗaya ce ke yanke hukunci: cinikin kwana nawa ɗan kasuwa zai iya sake rubutawa daga ƙwaƙwalwarsa? Wanda ke ba da bashi kullum, kullum zai yi, kamar yadda yake ƙirga kuɗin aljihun tebur kafin ya rufe. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Mai makaranta ko ɗan kwangila, sau ɗaya a mako na iya isarsa. Ya kamata a ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya da aka sani da suna, domin aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Kada kuma a riƙa goge kwafin jiya da na yau. A bar na makonni da dama, kowanne da kwanan watansa, saboda akan yi kwanaki kafin a gane cewa fayil ya gurɓata.

Saura gwaji, wanda akasari ake mantawa da shi. A ƙarshen kowane wata a ɗauki faifan a buɗe shi a wata kwamfutar dabam, a tabbatar lissafin na buɗuwa kuma alƙalumansa sun cika. Tunda yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar jama'a, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsarewa, sai a kulle shi da kalmar sirri, a rubuta kalmar a takarda, a damƙa wa amintacce guda a cikin iyali ko abokan tarayya.