Kafin Ka Tare a Gaɓar Tafkin Mishigan

Mai shirin komawa Grand Rapids da ke gabashin Tafkin Mishigan a Amurka, kada kyawun bazara ya ruɗe ka. Daga Nuwamba zuwa Janairu, iskar sanyi daga Kanada kan ratsa tafkin da ruwansa bai gama hucewa ba, ta kwashi tururi, ta lulluɓe garuruwan gabashinsa da gajimare. A Disamba yini bai wuce awa 9 da 'yan mintoci ba, kuma sai a yi mako guda sama toka-toka, ba a ga rana ba.

In kana da zaɓi, Milwaukee da ke yammacin tafkin ta fi haske. In babu, nemi gida mai tagogi masu kallon kudu, ka kuma tambayi likita batun bitamin D, domin mai baƙar fata ya fi fuskantar ƙarancinsa a can.