USFUR: FUREN DA AKE SAYAR MANA DA SUNAN ZA'AFARAN



Sau da yawa mutum zai sayo ƙulli guda da araha, ko a kawo masa cikin tsarabar Hajji, a ce masa za'afaran ne, alhali usfur ne. Za'afaran na gaskiya sai an tsinke fure kusan 150,000 kafin a tara kilo 1, mafi yawansa kuma daga Iran yake fitowa. To ina zai yi araha?

Usfur tsiro ne mai ƙaya a gefen ganye, tsayinsa ba ya cika wuce mita 1 da rabi. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa yake jure fari. Furensa rawaya ne ko ja, 'ya'yansa farare, su Larabawa ke kira ƙurɗum, daga cikinsu ake matse mai. Ana noma shi a Indiya, Kazakistan da Habasha.

Tun zamanin Manzon Allah (SAW) ana rini da shi. A Sahihu Muslim ya tabbata cewa ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) sanya tufafin da aka rina da usfur. Malamai sun ce maganar tufafin maza ce, ba ta shafi ci ko sha ba.

Likitocin Musulunci na da, irin su Ibn Sina, sun ambaci ƙurɗum cikin masu saukar da ciki. Mansa kuma, idan ya maye gurbin kitse a girki, yana taimakawa wajen rage mugun kitsen jini. Amma fa ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na suga, kar wani ya ajiye ƙwayarsa.

A KULA: mai juna biyu kar ta sha furen ko kaɗan, yana iya motsa mahaifa. Haka mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, da mace mai yawan zubar jini.

Yadda za ku gane: ku jefa sili 3 cikin ruwan ɗumi. Za'afaran a hankali yake sakin launin zinare, silin ya zauna da jansa, bakinsa a buɗe kamar kakaki, ga ƙamshi mai ƙarfi. Usfur kuwa guntayen fure ne ja da ratsin rawaya, da ƙyar za ka ji ƙamshinsa.

A tura wa masu ciki da ungozomomi. Allah Ya ƙara mana lafiya.