Yadda Ake Nuna Naira da Buhu a Zane Ba Tare da Tauye Mudu Ba

Dukiyar zakka ba da ma'auni ɗaya ake auna ta ba. Kuɗi da zinari ana fitar da kashi 2.5 cikin 100. Hatsi sai ya kai wusiƙi 5, a fitar da kashi 10 cikin 100 idan noman damina ne, ko kashi 5 idan da wahalar ban ruwa aka noma shi. Tumaki da awaki nisabinsu 40, shanu 30, raƙuma 5. Saboda haka rahoton kwamitin masallaci yakan zo da naira, da buhu, da kawunan dabbobi, a shafi guda.

Matsalar tana bayyana ne idan magatakarda ya zuba waɗannan alƙaluma a Excel ko Google Sheets, ya umarci manhajar ta zana ginshiƙai. Manhaja lamba kawai take gani. A ƙaddara an tara naira 5,000,000 da buhun gero 200: ginshiƙin kuɗi zai ninka na gero sau 25,000, har na geron ya ɓace. Mai karatu sai ya zaci manoma ba su ba da komai ba, alhali hatsinsu ne ya ciyar da gidaje.

Hanyoyin gyara uku ne. Ta farko, kuma mafi aminci, a yi wa kowane ma'auni zanensa, a jera su da shekaru iri ɗaya. Ta biyu, idan ma'aunai biyu ne kacal, a zaɓi zanen Kombo a Excel: naira a layin awo na hagu da ginshiƙai, buhu a na dama da zare mai ɗigo. Wajibi ne layukan biyu su fara daga sifili, a rubuta sunan ma'auni jikin kowanne, domin duk wanda ya taɓa iyakar layi ɗaya zai iya sa ƙaramin ƙari ya yi kama da babba. Ta uku, a mai da komai kaso: a ɗauki abin da aka samu bara a matsayin 100, a raba na bana da na bara, a ninka da 100. A nan kuɗi da hatsi da dabbobi za su tsaya a layi ɗaya bisa adalci.

Wanda ya fi son ƙiyasta hatsi da naira, ya rubuta farashin da ya yi amfani da shi da watan da aka ɗauke shi, domin farashin kaka daban, na bazara daban. Haka nan a fayyace nauyin buhu, ko mai kilo 50 ne ko mai 100.

Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi mai tsanani a kan tauye awo. Zanen rahoto shi ma awo ne, da shi mai bayarwa yake gane inda amanarsa ta kwana. Muna roƙon kwamitoci su duba zanensu da wannan ido kafin su miƙo rahoton baɗi. Allah Ya sa mu cika amana.