Haƙƙin Maijego A Kan Mijinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a gidaje da yawa, da zarar an yanka ragon suna baƙi sun watse, sai maigida ya ɗauka ya sauke nauyin haihuwa. Alhali kuwa a nan ne nauyin yake somawa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci wahalar ciki da shayarwa a Suratu Luƙman aya ta 14, kuma a Suratul Baƙara aya ta 233 Ya ɗora wa uban jariri ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali.

Haƙƙi na farko shi ne haƙuri. A mazhabar Imamu Malik, iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, a wajen Abu Hanifa da Ahmad kuwa kwana 40. In ya ɗauke kafin haka, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Muddin bai ɗauke ba, saduwa haramun ce. Likitoci ma sun bayyana cewa mahaifa takan ɗauki kamar mako 6 kafin ta koma yadda take.

Na biyu, tsare lafiyarta. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. Waɗannan al'ada ce, shari'a ba ta wajabta su ba. Idan maijego ta fara kumburin ƙafa, ko haki, ko zazzaɓi, ko jini ya tsananta, wajibi ne miji ya kai ta asibiti nan take. Haka nan in baƙin ciki da yawan kuka suka zarce mako 2, cuta ce mai magani, kada a ce shagwaɓa ce.

Na uku, kame harshe, kuma a nan ne maza suka fi zamewa. Haihuwa takan bar tumbi da nankarwa, wata ta yi ƙiba, wata ta rame. Sai ka ji miji yana yi wa matarsa ba'a, ko yana gwada ta da matan da yake gani a waya, ko yana yi mata barazanar kishiya. Wannan ne ke jefa wasu mata cikin ƙin cin abinci da shan magungunan rage tumbi barkatai, suna kuwa shayarwa. Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana izgili da jifa da munanan laƙubba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa lokacin da Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, Manzon Allah (SAW) ya nuna mata cewa kalmar ta isa ta gurɓata teku. To, ina ga mai aibata jikin da ya sauya saboda ɗaukar ɗansa?

Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yi hidimar iyalinsa a gida. Saboda haka ba faɗuwar girma ba ce namiji ya karɓi jariri da dare domin uwar ta runtsa, ya ɗebo ruwa, ya gode mata da bakinsa.

Allah Ya ba masu jego lafiya, Ya raya abin da aka samu bisa Sunna. Allah ne Mafi sani.