TAFIYA GIDA LOKACIN BIKI: DARASI DOMIN IYAYE MASU TSAKA-TSAKIN SHEKARU

Nassin Nazari: Luka 2:41-52

Manufa: A taimaki magidanta su shirya tafiyar ƙarshen shekara ta hanyar da za ta girmama Ubangiji, ta gina 'ya'yansu, ta kuma faranta ran tsofaffinsu.

GABATARWA

Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, iskar hunturu ta taso, manoma kuma suka shiga yankan dawa, sai hankalin masu bi da ke aiki a Legas, Ibadan, Fatakwal da Abuja ya koma gida. Wani zai nufi Kafancan, wani Langtang, wani Biliri, Zuru, Numan ko Garkida. Yara suna ɗokin sababbin kaya, tsofaffi suna ƙidaya kwanaki, amma nauyin tafiyar yana bisa wuyan waɗanda suke tsakanin shekara 40 da 60. Su ne za su biya kuɗin mota, su sayi shinkafa da akuya, su ba da gudummawa a taron ƙungiyar ci gaban gari, su halarci aurarrakin da aka tara a cikin mako guda. Su ne kuma za su tsaya gaban akawun makaranta a watan Janairu.

Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin iyali guda wanda ya saba yin irin wannan tafiya kowace shekara. Abin da ya same su a shekara ta goma sha biyu yana da darussa masu yawa domin iyayen wannan zamani.

1. SUN SAN DALILIN TAFIYARSU (aya 41-42)

Shari'ar Musa ta umarci mazajen Isra'ila su hallara a gaban Ubangiji sau uku a shekara, wato a Idin Abinci Marar Yisti wanda yake haɗe da Idin Ƙetarewa, da Idin Makonni, da Idin Bukkoki (Maimaitawar Shari'a 16:16). Daga Nazarat zuwa Urushalima ya fi kilomita 100, tafiyar da ba ta kasa kwana uku ba a ƙafa. Umarnin ya ambaci maza ne, duk da haka Luka ya nuna cewa Maryamu takan bi mijinta kowace shekara. Yusufu masassaƙi ne, kowace ranar da ya yi a hanya kuwa rana ce da bai kama aiki ba.

Idin yana da aikin da Allah ya shirya masa a cikin gida. A Fitowa 12:26-27 an faɗa wa iyaye tun da wuri cewa 'ya'yansu za su tambayi ma'anar bikin, aka kuma ɗora musu nauyin ba da amsa. Ashe biki makaranta ce, uba da uwa kuwa su ne malamanta.

Kirsimeti ba umarnin Shari'a ba ne kamar waɗancan idodi, wanda bai je gida ba kuwa bai yi zunubi ba. Amma tun da ikkilisiya ta keɓe ranar domin tunawa da haihuwar Mai Ceto, ya wajaba magidanci ya tambayi kansa abin da zai kai shi gida. Akwai mai zuwa domin a ga sabuwar motarsa. Akwai mai zuwa domin tsoron kada a ce ya tsiyace a birni. Yara suna gane dalilin ko ba a faɗa musu ba, shi ne kuma abin da za su ɗauka a kan ma'anar Kirsimeti.

2. SUN TAFI DAIDAI DA ƘARFINSU

Lokacin da aka miƙa Yesu a Haikali yana jariri, iyayensa sun kawo tsuntsaye biyu (Luka 2:24). Bisa ga Littafin Firistoci 12:8, wannan ita ce hadayar macen da ba ta da halin kawo ɗan rago. Ba su ci bashin ɗan rago domin idon jama'a ba, Allah kuwa ya karɓi abin da suka kawo. Dokar idi ma haka take, gama Maimaitawar Shari'a 16:17 ta auna kyautar kowane mutum da gwargwadon albarkar da ya samu.

Tun da gwamnati ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tsalle, ga shi kuwa daga Legas zuwa Jos kusan kilomita 1,000 ne. Iyali mai mutum shida yakan kashe abu mai yawa kafin ya sa ƙafa a ƙofar gidan ubansa. Saboda haka hikima ce miji da mata su zauna tun kafin Disamba su yi lissafi a takarda. A fara cire zakka, a ware kuɗin makaranta na zango na biyu, da kuɗin haya, da abincin watan Janairu, da kuɗin motar dawowa. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki. Iyalin da suka shiga adashi tun farkon shekara domin wannan tafiya sun yi dabara mai kyau. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa, abin baƙin ciki ne kuwa mutum ya shiga bauta ta wata shida saboda anko da shagalin kwana uku. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

Ƙarfin jiki ma yana cikin lissafin. Mutumin da ya kai shekara 50 ba zai riƙe sitiyari dare da rana kamar yadda ya yi yana saurayi ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan tsananta gargaɗi a watanni huɗu na ƙarshen shekara saboda yawan motoci da gaggawar direbobi. Hazon hunturu yana rage gani, tafiyar dare kuma tana da haɗarin miyagu. Addu'a kafin tashi wajibi ce, amma ba ta ɗauke wa mai mota duba taya da birki ba. Gara a kwana a Lakwaja a ƙarasa da safe, gama sauri yakan haifi nawa.

3. SUN ZACI YANA CIKIN AYARI (aya 43-45)

Da aka gama kwanakin idin, Yusufu da Maryamu suka kama hanya, suka yi tafiyar yini guda ba su san yaron ya tsaya a Urushalima ba. Zatonsu bai rasa dalili ba, domin mutanen gari ɗaya sukan yi tafiya tare, dangi da abokan arziki suna lura da 'ya'yan juna. Sai da suka neme shi a cikin 'yan'uwa suka rasa, sa'an nan suka juya.

Wannan shi ne haɗarin da ya fi kowanne kusa da iyaye masu tsaka-tsakin shekaru. Sa'ad da yaro yake ƙarami ana riƙe da hannunsa. Da ya kai shekara 12 ko 15 sai a fara zato. A ƙauye uba yana wurin taron gari, uwa tana bakin murhu tare da matan gida, kowannensu yana tsammani yaran suna wurin ɗan'uwansa ko wurin kakarsu. A cikin waɗannan kwanaki ne wasu matasa sukan fara ɗanɗana burkutu da ƙwaya, a wurin rawar dare ne kuma wasu 'yan mata sukan gamu da abin da zai raba su da makaranta. Maryamu da Yusufu sun sami ɗansu a Haikali domin shi Ɗan Allah ne. Ba kowane yaro da ya ɓace wa iyayensa a lokacin biki ake samu a ɗakin sujada ba.

Ayuba ya bar misali mai kyau. 'Ya'yansa sun riga sun yi girma har kowane yana da gidansa, suna kuma yin liyafa bi da bi, duk da haka bayan kowane zagaye na biki yakan aika a kira su, ya tashi da sassafe ya miƙa hadaya domin kowane ɗayansu (Ayuba 1:4-5). Bai hana su murna ba, bai kuma bar su ga zato ba. Haka ya kamata kowane gida ya tsai da lokacin addu'ar iyali ko da ana baƙunci, a san inda kowane yaro zai kwana, a kuma san abokan da yake yawo da su.

4. SUN SAME SHI YANA ZAUNE DA MANYA (aya 46-50)

Bayan kwana uku suka tarar da shi a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana yi musu tambayoyi. Maryamu ta faɗi damuwar zuciyarta a fili. Amsar da ya ba ta ta nuna cewa yana da Uba wanda hakkinsa ya fi nasu, Luka kuwa bai ɓoye cewa ba su gane maganar ba. Iyayen matasa sun san wannan hali, lokacin da yaron da suka goya ya fara faɗin abin da ya fi ƙarfin fahimtarsu. Maryamu ba ta rufe masa baki ba, ta ajiye maganar a zuciyarta.

Zaman yaro a gaban tsofaffi yana cikin manyan ribobin zuwa gida. Masu shelar bishara sun sauka Wase a 1904, Numan a 1913, Garkida a 1923, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Tsohuwar da take da shekara 80 a yau ta tashi a hannun waɗanda suka ga farkon waɗannan abubuwa da idonsu. Ta san wanda ya fara ba da gaskiya a zuriyar, da abin da ya sha saboda haka, da inda aka kafa majami'ar ciyawa ta fari. In ta rasu ba a tambaye ta ba, labarin ya tafi ke nan. Sau da yawa kuwa jikan da aka haifa a Legas ba ya jin Tarok, Bura ko Tangale, Hausarsa ma ba ta nuna ba, sai su gaisa da kakarsa su yi shiru. Aikin uba da uwa ne su zauna a tsakani su zama tafinta.

Tsofaffin ma suna da bukatar da ta wuce buhun shinkafa. Barzillai yana da shekara 80 lokacin da sarki Dawuda ya gayyace shi zuwa Urushalima, amma ya ƙi, domin bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa kuma ba ya jin muryar mawaƙa. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi a garinsu kusa da kabarin iyayensa, a kuma yi wa Kimham alheri a madadinsa (2 Sama'ila 19:31-39). Tsoho yana so a zauna a saurare shi. Ɗa mai hankali zai kai mahaifinsa a auna masa jini, a duba idonsa, ya hau ya ga inda rufin ɗaki yake yoyo kafin damina, ya kuma gode wa matar ƙanensa wadda take ɗawainiya da tsofaffin wata goma sha biyu. Manzo Bulus ya kira irin wannan kulawa sāka wa iyaye alherinsu (1 Timoti 5:4).

5. TEBURIN BIKI DA WAƊANDA BA SU DA WURIN ZUWA

Ba kowace tafiyar iyali ke kawo murna ba. Elkana yakan kai iyalinsa Shilo kowace shekara, a wurin rabon naman hadaya ne kuwa Feninna takan tsokani Hannatu saboda rashin haihuwa har ta kasa cin abinci (1 Sama'ila 1:3-8). Har yanzu akwai matan da suke jin tsoron Disamba saboda tambayoyin dangin miji, akwai kuma 'yan'uwan da gardamar gona ta hana su cin tuwo a kwano ɗaya. Miji ne ya kamata ya tsaya wa matarsa a gidan ubansa. Ya dace kuma ma'aurata su daidaita tun daga birni a kan ranar da za a kai yara gidan iyayen matar.

Dokar idi ta sa baƙo da maraya da gwauruwa cikin masu murna (Maimaitawar Shari'a 16:14). Akwai 'yan'uwa da rikici ya raba da garuruwansu, kamar waɗanda harin jajibirin Kirsimeti na 2023 ya shafa a Bokkos da Barkin Ladi. Akwai soja da ɗan sanda da ma'aikaciyar jinya da ba su sami hutu ba, da ɗalibin da ya rasa kuɗin mota. Iyalin da ba su sami tafiya bana ba suna iya buɗe ƙofarsu ga irin waɗannan, Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya kuma su rubuta sunayensu tun da wuri domin kada a manta da kowa.

KAMMALAWA (aya 51-52)

Labarin ya ƙare a Nazarat. Yesu ya koma tare da su, yana yi musu biyayya, yana ƙaruwa da hikima da girma da tagomashi a wurin Allah da mutane. Idin mako guda ne, sauran shekarar kuwa a gida da wurin sassaƙa aka yi ta. Wannan ne kuma karo na ƙarshe da Linjila ta nuna Yusufu a cikin wani al'amari. Shekarun da magidanci yake da iyaye a raye da kuma 'ya'ya a ƙarƙashin rufinsa a lokaci guda ba su da yawa. Ana gane tafiyar da ta yi albarka a watan Janairu, in iyali sun dawo babu bashi, babu gaba, yaran kuma sun ƙara sanin Ubangiji da asalinsu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne dalilai ne sukan kai masu bi gida a ƙarshen shekara? Wanne ne ya dace da Fitowa 12:26-27?

2. Ta yaya miji da mata za su ƙi wata gudummawar da ta fi ƙarfinsu ba tare da ɓata zumunci ba?

3. A waɗanne wurare ne iyaye sukan dogara ga zato game da matasansu a lokacin biki?

4. Wace tambaya ce ya kamata kowane jika ya yi wa kakansa a wannan shekara?

5. Su wane ne a cikin wannan ikkilisiya ba su da wurin zuwa, me kuma za a yi dominsu?

ADDU'A: A roƙi Ubangiji ya kiyaye matafiya a hanya, ya ba iyaye hikimar lura da 'ya'yansu, ya ta'azantar da tsofaffi da waɗanda aka raba da gidajensu.