Duba Sunanka Kafin Ka Nemi Rancen Damina

Manomin Matazu, in ka taɓa cin bashin taki a banki, ko na shirin Anchor Borrowers da aka fara a 2015, wataƙila har yanzu ana ganinka da bashi alhali ka biya. Wata doka ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga CRC, FirstCentral ko CreditRegistry, kamfanonin rahoton bashi masu lasisin Babban Bankin Najeriya. Za su nemi lambar BVN ɗinka. Don Allah kada ka miƙa wa mai shagon caji wayarka ya cike maka fom ɗin neman rahoton, kuma duk wanda ya kira yana neman lambar sirrin katinka ɓarawo ne. In ka ga kuskure, ɗauki rasit ɗin biyan bashin ka nufi bankin da ya ba ka bashin a gyara.